Amsoshin Tambayoyinku: Sabawa da Sabon Keken Hawan Dutse

Wani mai sauraronmu daga Katabu, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, ya aiko yana tambaya yadda zai saba da sabon kekensa na hawan dutse, domin abokan hawansa na barinsa a baya duk lokacin da suka shiga burtali.

To, Malam, wannan keke, wanda asalinsa matasan Kalifoniya ta Amurka suka ƙago wajen shekarun 1970, har aka shigar da tserensa wasannin Olamfik a 1996, an yi shi ne domin marmara da gangare da kwazazzabai, saboda haka wajibi ne, kafin ka shiga jama'a, ka keɓe kai kaɗai a fili ka fahimci ɗabi'arsa. Ka daidaita sirdi yadda gwiwarka za ta ɗan tanƙwara idan feda ta kai ƙasa. Ka tabbatar wane hannu ke riƙe burkin gaba, domin wanda ya damƙe shi da ƙarfi a gangare, alal haƙiƙa, ƙasa zai sha. Ka kuma sauya giya tun kafin hawa ya tsananta, don kada kaca ta tsinke.

Amma ladabin tafiya cikin ayari shi ne ka bar tazara tsakaninka da na gaba, ka sanar da na baya in ka ga rami, ka yi sallama ga manoma da makiyaya, kada ka taka shukar kowa. Ka riƙi ruwa da famfo da kayan faci, ka sa hular kwano, ka kuma goge ƙurar hunturu daga kaca kafin ka zuba mai.

Allah ya kiyaye hanya. Wassalam.