MA'ANAR KALMAR SHAFA'I DA AMFANINTA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan kalmar shafa'i ne, wadda da yawanmu muke faɗinta kullum dare ba tare da mun san ma'anarta ba.

Shafa'i kalma ce ta Larabci. Ma'anarta abin da yake bibbiyu, watau a sami abu guda a haɗa shi da ɗan'uwansa su zama biyu. Kishiyarta ita ce wutiri, abin da yake tilo. Saboda haka 2 da 4 da 10 shafa'i ne, 1 da 3 da 9 kuwa wutiri ne. Allah Ya yi rantsuwa da su duka biyu a aya ta 3 ta Suratul Fajri. Waɗansu malaman tafsiri sun ce shafa'i shi ne halitta, domin an yi ta namiji da mace, dare da rana, wutiri kuwa Allah ne Makaɗaici. Waɗansu kuma suka ce ranar Layya ce, 10 ga Zulhajji, da ranar Arfa, 9 ga wata.

Daga nan aka samo sunan raka'a biyun da ake yi bayan Lisha. A mazhabar Malikiyya ana yin su a sallame, sa'an nan a kawo raka'a ɗaya ta wutiri, wadda sunna ce mai ƙarfi. An so a karanta Sabbi da Kafiruna a shafa'i bayan Fatiha. Yin wutiri ba tare da shafa'i ya gabace shi ba makaruhi ne.

Daga wannan tushe kuma aka samo shafa'a, watau ceto, domin mai neman ceto shi kaɗai yake, sai mai ceto ya tsaya tare da shi su zama biyu.

Haka kuma shufu'a, hukuncin da jahiltarsa ke raba zumunci. Idan mutum biyu suka gaji gida ko gona ba a raba ba, ɗaya ya sayar wa bare da rabonsa, to ɗayan yana da ikon biyan kuɗin da aka saya ya haɗa rabon da nasa. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana cewa wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, ban da maƙwabci, kuma wanda yake gari ya yi shiru har shekara ta wuce, to haƙƙinsa ya faɗi. Don haka magada su kula, kada sakaci ya jawo musu hasara.

A ƙarshe, kada a rikita shafa'i da sunan Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a Masar a shekara ta 204 bayan Hijira. Shi an danganta shi ne ga kakansa Shafi'u.

Allah Ya fahimtar da mu addininSa, Ya sa mu cikin ceton AnnabinSa, amin.