Darasi na 14: Tiyatar Rage Ƙiba da Lafiyar Haƙora

Karanta wannan bayani, sannan ka amsa tambayoyin da ke biye.

Idan ƙiba ta yi wa mutum yawa har ta jawo masa ciwon sukari ko hawan jini, likitoci sukan ba shi shawarar yin tiyata. Likita Edward Mason na Amurka yana cikin waɗanda suka share fagen wannan aiki a shekarun 1960. A wata irin tiyatar, akan yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi. Mutum yakan rame, amma haƙoransa sukan shiga haɗari ta hanyoyi uku.

Na farko, yakan yi fama da amai da ƙwannafi. Ruwan tsamin da ke fitowa daga ciki yakan cinye farin ɓawon haƙori, wanda ba ya sake tsirowa. Na biyu, tunda tumbi ya ƙanƙance, sai mutum ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ga shi ba ya iya shan ruwa sosai. Baki yakan bushe, yawun da ke wanke haƙora ya ragu, haƙori ya yi kogo. Na uku, jiki yakan kasa tsotse isasshen kalsiyam da bitamin daga abinci, dasashi da ƙashin muƙamuƙi su raunana.

Don haka, wanda ya yi amai ya kurkure baki da ruwa, ya dakata kamar rabin awa kafin ya sa aswaki ko buroshi, domin tsami yana tausasa haƙori. Ya sha magungunan da likita ya rubuta masa. Mutumin Lau kuwa yana da kindirmo da ƙananan kifin kogin Binuwai, masu gina ƙashi. Ya kuma riƙa zuwa Jalingo ganin likitan haƙori tun ciwo bai fara ba.

Sababbin kalmomi

tumbi, ƙwannafi, dasashi, muƙamuƙi, kurkure

Tambayoyi

1. Me ya sa akan yi wannan tiyata?
2. Wane aiki yawu yake yi a baki?
3. Don me ba a goge haƙora nan take bayan amai?

Nahawu

"Yakan" da "sukan" suna nuna aikin da aka saba yi. Rubuta jimloli biyar da su.