Darasi na Goma Sha Biyu: Shirya Mota Kafin Doguwar Tafiya

Garin Jos yana bisa tsauni, kimanin mita 1,200 sama da teku. Saboda haka duk wanda ya tashi daga Jos zuwa Abuja, dole ne ya sauka gangara. Wadda ta fi shahara ita ce ta Hawan Kibo, a kan hanyar Akwanga. Wurin yana da kwana-kwana, kuma an sha rasa rayuka a can saboda tsinkewar birki. Direba mai hankali yakan shirya motarsa tun ana gobe tafiya.

Da farko yakan kai ta wurin makanike, a duba birki da man birki. A doguwar gangara birki yakan yi zafi, idan kuwa ya yi zafi ƙwarai, sai ya daina kamawa. Shi ya sa gwanayen direbobi suke sa ƙaramar giya, injin ya riƙe motar, birki ya huta.

Daga nan sai taya. Mai faci zai auna iskar kowace taya, har da safaya. A jikin taya akwai lambobi huɗu masu nuna lokacin da aka yi ta. Misali, 2522 na nufin mako na 25 na shekarar 2022. Tsohuwar taya tana iya fashewa ko da ba ta suɗe ba.

Bayan haka a duba baƙin mai, da ruwan lagireto, da batir, da fitilu. A lokacin hunturu sanyin Jos yakan hana raunanan batura tayar da mota da asuba, hazo kuma yakan rufe hanya.

A ƙarshe direba ya tanadi jak, da tukunyar kashe gobara, da lasin tuƙi, da takardun mota. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, sukan nemi ganinsu a hanya. Shi kansa direba ya yi isasshen barci, ya tashi da wuri, ya ɗaura bel. Hausawa sun ce, sauri ya haifi nawa.

Ma'anar Kalmomi

gangara: hanya mai sauka daga tudu
safaya: tayar da ake ajiyewa don canji
suɗe: zanen taya ya goge
hazo: ƙurar hunturu mai hana gani

Tambayoyi

1. Me ya sa birki yake da muhimmanci ga mai barin Jos?
2. Yaya ƙaramar giya take taimakon direba a gangara?
3. Yaushe aka yi tayar da ke da lamba 1023?
4. Kawo abubuwa uku da direba zai tanada.

Aiki

Rubuta jimloli biyar a kan ma'anar karin maganar da ke ƙarshen labarin.