Gonar da ke bakin jami'a

'Ya'yana na Dutsin-Ma, na ji dillalai sun fara yi muku sallama tun da sassafe, suna tambayar gonar da mahaifinku ya bari. Ku ba ni aron kunnuwanku, don na taɓa ganin irin wannan rana.

A Samaru ta Zariya na tashi, shekaru kaɗan bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Lokacin, in ka sauka daga titin Sakkwato ka nufi Bomo, dawa da gero ne ke tarbarka. Wani maƙwabcinmu, mutumin kirki, ya sayar da gonarsa ɗungurungum, ya sayi babur, ya ƙara aure, ya yi wa dangi alheri. Ba a daɗe ba kuɗin suka ƙare. Daga baya na ga jikansa yana biyan hayar ɗaki a kan ƙasar da kakansa ya noma. Har yau abin yana sosa mini rai.

Tun da aka kafa jami'ar tarayya a garinku a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, kuna kan wannan hanya. Ɗakunan kwanan makaranta ba sa isar ɗalibai, malamai na neman gida, mai shago da mai abinci na biye da su. Shi ya sa fili ke tsada, dillali kuma la'adarsa yake hange.

Ban ce kada ku sayar ba, buƙata ba ta jira. Amma ku fara raba gado a gaban alƙali ko malami, ku ba 'yan'uwanku mata rabonsu cif. Sannan ku yanki fuloti ɗaya ku sayar, ku sayi bulo da kwano, ku tayar da ɗaki biyu ko uku a kan sauran. Ku nemi takardar mallaka daga hukuma, domin tun dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, shaidar baki kawai ba za ta tsaya muku ba ranar rigima.

Kada kuma ku ci bashi don gini kuna lissafin kuɗin haya. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas. Ɗakuna suka kwana da kwaɗo, amma mai bin bashi bai tafi yajin aiki ba.

Sai wanda zai shiga ɗakin. Ɗan wani ne, watakila uwarsa ta sayar da akuya ta turo shi. Kada ku ƙara masa kuɗi tsakiyar zango don kun ga ba shi da mafita. Ku haƙa rijiya, ku gyara bayan gida, ku sa ƙofar ƙarfe da fitila a soro. Ba ku manta da ɗalibai matan da 'yan bindiga suka ɗauke daga gidan haya a garinku a 2023 ba. In yarinya ta kama ɗaki a gidanku, ku sanar da mai unguwa, ku karɓi lambar iyayenta, in dare ya yi ba ta dawo ba ku kira.