Ma'anar Kalmar "Vaguely" Da Asalinta, Da Amfanin Saninta Ga Mai Waya

Matashi a Paki ya tura wa mai gyaran waya a Ikara saƙo cewa "wayata ba ta yi", ya zauna jiran amsa. Mai gyaran bai san ko batir ba ne, ko sikirin, ko wurin caji. Irin wannan magana ce Turawa ke cewa an yi ta vaguely.

Ma'anarta

Vaguely na bayyana yadda aka yi magana a dunƙule, ba tare da an fito fili ba. Takan kuma nufi tuna abu sama-sama, ko hango shi dishi-dishi. Wajen furuci ba a karanta harufan "u" da "e" da ke tsakiyarta.

Asalinta

Tushenta kalmar Latin ce, vagus, wato mai yawo, wanda ba shi da mazauni ɗaya. Ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci a matsayin vague a ƙarni na 16, daga baya aka liƙa mata "ly" don nuna yanayin aiki. Ke nan magana ce mai gantali, wadda ta ƙi tsayawa wuri guda.

Daga wannan tushe aka samu vagabond, wato ɗan gararamba. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi ma sun san jijiyar vagus, ta 10 cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. An raɗa mata sunan ne saboda yadda take ratsa wuya da ƙirji har cikin ciki.

Inda take shafar mai waya

A Facebook akwai abin da ake kira vaguebooking, wato mutum ya wallafa "wasu dai Allah ya isa" bai faɗi da wa yake ba. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan da sunan habaici ko gugar zana.

Haka Google da ChatGPT: tambaya a dunƙule, amsa a dunƙule. Manomin rake a Kudan da ya rubuta "maganin gona" zai sha kame-kame. Wanda ya faɗi irin shukar, da kalar ganyen, da kwanakin da cutar ta yi, ya fi kusa da samun biyan buƙata.

Babban haɗarin yana wajen 'yan damfara. Saƙonsu kan ce "an samu matsala a asusunka", babu sunan banki, babu sunan mai asusun. Da gangan suke barin maganar a buɗe don ta dace da duk wanda ta faɗa wa. Wanda ya ga irin wannan kada ya taɓa linkin, kada ya ba kowa lambar BVN ko ta sirri. Ya tafi bankinsa da ƙafarsa, ko ya kira lambar da ke bayan katinsa na ATM.