In Ka Je Tirinidad, Ga Abin Ci

Idan Allah ya kai ka tsibirin Tirinidad, ka bar abincin otal, ka fita da sassafe ka nemi mai doubles a bakin titi. Soyayyen ƙullin fulawa ne guda biyu masu laushi, a zuba musu dafaffen waken Indiya, a ci da hannu a tsaye, ba nama. In an tambaye ka yaji, ka ce kaɗan, don nasu ba na wasa ba ne.

Miyar callaloo kuwa, ta ganyen gwaza da kuɓewa da madarar kwakwa, tana da daɗi ƙwarai, amma ka tambaya tukuna: wasu na sa mata wutsiyar alade. Haka ma shinkafar pelau. Tsibirin na da Musulmi, kuma shagon gurasar roti na halal ba ya wuyar samu. Ka riƙe tsabar kuɗi, masu tebur ba kasafai suke karɓar kati ba.