Darasi Ga Direbobinmu: In Fitilar Inji Ta Kama

Motocin dizal na yanzu, irin su Hilux da ke kai hatsi da magani ƙauyuka, suna da kwamfuta mai lura da inji. In ta ga matsala, sai ta kunna fitila mai siffar inji a gaban direba, ta kuma ajiye lamba.

Muna karanta lambar ta wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiranta OBD. A jona na'urar, a murɗa makulli ba tare da an tada inji ba, manhaja za ta nuna lambar. A rubuta ta a littafin mota tukuna. Gogewa ba gyara ba ce.

Mu ɗauki P0087. Ma'anarta ƙarfin turin mai ya yi ƙasa, ba ta ce famfo ya mutu ba, ko da bakanike ya rantse. Famfo kuwa tsada gare shi, kuma kafin ya iso mota na iya yin makonni a ajiye. Saboda haka muna farawa da filta, musamman in an sha man jarka a hanya. A tsiyaye ruwan da ya taru, a canja filtar, a duba ko tiyo yana shan iska. Sannan a tada inji, a kwatanta turin da kwamfuta ke nema da wanda take samu. In har yanzu akwai tazara, sai a kai wa masu gyaran famfo da nozul.

In lambobi da yawa suka fito lokaci ɗaya, a fara gwada batir da wayoyinsa.